Raɗar Riskuwa

Shekara shida ina Sallah a Glasgow, in ma za a kira wannan abin Sallah. A yi idi a ɗakin wasan ƙwallo, a gaisa a tsaitsaye, in wuce asibitin da nake aikin jinya da atamfata cikin jaka. Kiran Inna kaɗai ke sa in ji ranar daban ce. Sai in shirya 'yata tsaf in ɗaga waya, ƙanwata Riskuwa ta riƙe tata a Argungu, Inna ta yi ta yaba mu, tun daga launin zane har ɗaurin ɗankwali. Asiya ce sunan yarinyar, takwarar Inna, shi ya sa muke ce mata Baiwa. Shekararta huɗu, ba ta taɓa taka Najeriya ba.

Bana na ce ya isa haka. Na ɗauki hutun Babbar Sallah, ban gaya wa kowa ba sai yayana Mansur, shi ma sai da muka sauka Abuja. Da safiyar jajibere ya tare mu a filin jirgi na Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Maimakon murna sai kame-kame yake yi, wai mu kwana gidansa a Badariya tukuna, a shirya.

"A shirya mi, Yaya? Gidanmu ne fa."

"Bari dai in kira su."

"Ka kira, ba ni ba kai."

Ya san halina, ya mayar da wayar aljihu. Muka biya gidan nasa, matarsa ta zana wa Baiwa lalle, yana bushewa muka kama hanya.

Da la'asar muka isa Argungu. Ragon layya na ɗaure a bakin zaure, Inna na zaune kan tabarma da carbinta. Ina yin sallama ta ɗago.

"Zuhura? Muryar Zuhura nike ji!"

Riskuwa, da ke tsince shinkafa, ta saki tiren ya kife. Na ɗauka murna ce. Na faɗa jikin Inna ina kuka tana kuka, ban lura da komai ba.

Baiwa ce ta gaji da jiran a kula ta. Ta zagayo gefen dama ta miƙa hannuwa biyu, da 'yar Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Kaka, duba lallena!"

Inna ta yi murmushi, ta juya hagu, inda babu kowa sai randa.

Sai na ji Riskuwa, ta riga ta durƙuso bayan Inna, tana raɗa can ƙasa-ƙasa: "Baƙi da ja. Zanen hure."

"Kai, takwara!" in ji Inna. "Baƙi da ja! Wa ya zana miki huren ga?"

A waya ban taɓa jin raɗar nan ba. Na ɗaga hannu a gaban fuskar Inna na kaɗa, na sake kaɗawa. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Abin da ya fito bakina ke nan. Na juya kan Mansur, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da hannu cikin tukunya. "Tun yaushe?"

"Ta haura shekara huɗu," ya ce. "Hawan jinin ido ne. Sadda munka kai ta Birnin Kebbi, likita ya ce an makara."

Shekara huɗu! Ni da kullum safiya nake bin gado-gado ina ɗiga wa tsofaffin Turawa maganin wannan ciwon a ido. Na san shi sarai, in an tare shi da wuri ana tsayar da shi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na manta da maƙwabta, na manta gobe Sallah.

"Kun cuce ni! Wallahi kun cuce ni! Sallah nawa kuna sa ni ina juyi gaban waya kamar mahaukaciya? Ke Riskuwa, ke ce mai ba da labari, ko? Tun tana ganin dishi-dishi, ba wanda ya iya ɗaukar waya ya ce Zuhura, ga abin da ake ciki?"

Riskuwa ta fashe da kuka. "Yaya, rantsuwa ta sa mu."

"Ki ƙyale su," in ji Inna, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ni na hana. Sadda abin ya hwara kina da tsohon ciki, ke kaɗai cikin ƙasar mutane. Ba a aika ma na nesa mugun labari. Na ce in kin haihu a hwaɗa miki. Da kinka haihu, na ce in kin yaye. Daga nan kuma kunya ta kama ni."

Na zauna a ƙasa kan shinkafar da ta zube.

Inna ta lalubo Baiwa, ta kama hannuwanta ta shinshina lallen. Ta bi goshinta da yatsu, ta sauko kan kumatu, a hankali.

"Inna," na ce, "kin taɓa ganinta kuwa?"

"Sau guda. Ranar suna, da kinka ɗaga ta ga waya. Shi ma kamar cikin hayaƙi. Ita nike gani duk Sallah in kun kira, jinjira cikin hwarin zane." Ta juyo wajen da take jin numfashina. "To, tunda asiri ya tonu, hwaɗa min ke da bakinki. Da wa ta yi kama?"

Na dubi Baiwa. Idanun Inna ne sak a fuskarta. Na buɗe baki, na kasa faɗa mata.