Fuskar da Zakiyyu Ya Ɓoye

Sharaɗi ɗaya Jafaru ya gindaya wa ɗan ƙanensa Zakiyyu kafin ya yarda a ɗauke shi a fim: kada duniya ta ga hawayensa. Ciwon huhu ya ƙarar masa da shanu a rugarsu ta bayan Baure, shi kuma Zakiyyu, da ya koyi aikin kyamara a Daura, yana haɗa fim a kan annobar. Dattijon Bafulatani kuwa ba ya kuka a gaban mutane, ko da ciki zai fashe.

"Baffa, wannan mai sauƙi ne," in ji Zakiyyu. Ya zaunar da shi cikin bukka, bayansa na kallon hasken ƙofa. Fuska ta yi baƙi ƙirin, sai malafa da kafaɗu. "Mai kallo yana ganin duhun nan zai san baƙin ciki ne."

Ka ji fa, wai zai sani. Yaro bai tambayi kansa wane mai kallon ba.

Ran kasuwar Mai'adua Jafaru ya yi sallama a kara, wajen cinikin shanu, aka amsa ciki-ciki. Ya miƙa wa amininsa Sha'aban hannu, sai Sha'aban ya miƙo masa waya. Ashe wani ya yanko guntun fim ɗin, ya cire muryar, ana ta turawa.

"Su wa ake rufe wa fuska haka a labarai?" in ji Sha'aban. "Masu kai wa ɓarayin shanu rahoto. Malafar nan taka ce, karkatar kafaɗar nan kuma kowa ya san ta."

Tsoro ya kama Jafaru irin wanda bai taɓa ji ba, don a kara, wanda aka liƙa wa sunan nan ya gama cin kasuwa. Mutane sun zagaye shi. Ya duba, hanyar wanke kansa ɗaya ce tak, kuma ita ce abin da ya fi ƙi a duniya. Ya sunkuyar da kai.

"Kuka nake yi," ya ce. "Shi ya sa na ce a ɓoye ni."

Sha'aban ya dube shi, idonsa ya kaɗa.

"Jafaru, da ni aka binne ɗanka na fari. Ko ƙwalla ba ka yi ba. Nemi wata ƙaryar."