Tsamiyar da Ba a Sayar Ba

Magini ya ja igiya daga turken farko ya nufi katanga, sai igiyar ta tokare da gindin tsamiya. Ya ja dama, ya ja hagu, sannan ya sake ta ƙasa.

"Kafinta, ɗakin nan da bishiyar nan, dole ɗaya ya haƙura."

Kafinta ya san haka tun kafin a kafa turke. Mahaifiyarsa yake son gina wa ɗaki. Tun da ciwon ƙafa ya matsa mata ya dawo da ita gidansa, tana kwana a falo tsakanin kujeru da takalman yara. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, shirun nan nata kuwa shi ya fi cin ransa. Ga shi tsakar gidan ba ta da wani fili in ba nan ba.

"To a kira mai zarto mana," in ji matarsa daga wurin wanke-wanke.

"Kin san ba tawa ba ce."

Magini ya tuntsire da dariya, don shi baƙo ne, ya ɗauka wasa ake yi.

A zamanin da garin bai wuce 'yan gidaje da kasuwa ba, duk unguwar nan gonar mutum ɗaya ce. Da aka fitar da hanyar mota, baƙi suka fara neman wurin zama, manomin ya shiga yankar gonar yana sayarwa. Da taku ake awo, shaida kuwa maƙwabta ne da duwatsun da aka jera. Kakan Kafinta na cikin masu sayen farko. Ranar cinikin, manomin ya dafa tsamiyar a gaban shaidu ya ce ƙasa ya sayar, bai sayar da itace ba. Haka ake yi a lokacin, ba wanda ya ga abin mamaki. Sauran masu saye kowa ya san yadda ya yi da tasa bishiyar: wasu sun roƙa an bar musu, wasu sun wayi gari sun ce iska ce ta kayar. Wannan kaɗai ta rage. Duk shekara in ta nuna, 'yar manomin takan zo da buhu da doguwar gora ta kaɗe abinta. Yanzu ta tsufa tukuf, yaran gidan suna kiranta Goggon Tsamiya.

Kafinta ya fara biyawa ta ofishin filaye. Ma'aikacin ya duba takardar gidan, ya bi zanen da bayan biro.

"Malam, duk abin da ke cikin layin nan naka ne, har tururuwa. Je ka sare abinka."

Ya fito da gaskiyarsa a hannu, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Maimakon ya nufi gida, sai ya shiga bas zuwa ƙarshen gari.

Goggo na haya a wani ɗaki bayan injin niƙa. In injin ya tashi, har kwanukanta rawa suke yi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta tambayi yara da sunayensu, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shi kuwa ya yi ta kewaye-kewaye, daga tsadar katako ya koma zancen zafi, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ɗan nan, ashe ba ka da wayo," ta ce. "Uwarka na kwana a falo, ka tsaya tambayata zancen itace? Sare ta."

Ya yi godiya, ya ƙara, ya ce in Allah ya yarda duk shekara zai riƙa kawo mata tsamiya daga kasuwa.

Ta yi dariya har da tari, ta nuna ƙarƙashin gado. "Ta bara ma ga ta can a ɗaure. Me zan yi da ita? Rabarwa nake yi."

"To Goggo, me ke sa ki wannan wahala duk shekara?"

Ta jira injin ya lafa. "Kowane gida na shiga a unguwar nan, da an gama gaisawa sai a ce, Goggo, lafiya dai? Me ke tafe da ke? A kan gonar ubana fa." Ba da ɗaci ta faɗa ba, tana ma kaɗe gari daga zanenta. "Gidanku ne kaɗai ba a tambayata."

Ta ɗauko gorar daga lungu ta miƙa masa. "Tafi da ita, ku riƙa shanya."

A cikin bas gorar ta ƙi shiga, sai da ya fitar da rabinta ta taga, fasinjoji suna ta mita. Tausayinta ya cika shi, da kunyar godiyar da ya yi ta zubawa.

Ya tarar mai zarton da matarsa ta kira ya iso, yana zuba wa injinsa mai. Mahaifiyarsa na zaune a inuwar tsamiyar, ta miƙe ƙafafu.

"Ta yarda?" in ji matarsa.

"Ta yarda."

Ya jingine gorar a jikin bishiyar. Ya ba mai zarto haƙuri, ya ce ya mayar da kayansa. Sannan ya tuge turken, ya matso da shi har igiyar ta wuce gindin ba ta taɓa shi ba, ya sake kafawa.

Magini ya auna da ido, ya girgiza kai. "In aka gina a haka, gado ba zai shiga ba."

Kafinta ya dubi mahaifiyarsa. Ta ce ita dai a sa taga ta kalli inuwar.

"Kai dai yi gininka," ya ce wa magini. "Gadon ni zan yi."