Santimita Tamanin

A lungun su Lasmini, can arewacin birnin Semarang, a bakin teku, in ana so a san daɗewar mutum a unguwa ba a tambayar shekarunsa, sai a tambayi sau nawa ya yi wa ɗakinsa ciko. Ƙasa tana nutsewa a hankali, teku kuma ba ya fashin zuwa. Ko ba a yi ruwan sama ba, da la'asar sai ka ga ruwan rob, wato tumbatsar teku, ya ɓullo ta magudanai, baƙi ƙirin, da ledoji da ƙayar kifi, ya kwanta a lungu har ƙwauri. Sai mai gida ya sayo ɓaraguzai ya zuba a ɗaki, ya yi sabon daɓe a kan tsohon. Bayan shekara biyar ruwa ya sake cim masa, ya sake zubawa. Mai hali yakan ɗaga rufi tare da daɓe, marar hali kuwa sai ya koyi sunkuyawa.

Lasmini bandar kifi take yi. Shekara ashirin tana zaune gaban hayaƙin ɓawon kwakwa har idanunta suka rine, kuma ba ta taɓa sa rigar ɗan siyasa ba sai bana. Mun ga 'yan takara iri-iri a unguwar nan, masu raba shinkafa da masu rungumar tsofaffi a gaban kyamara, kowanne in ya ci ba a sake jin ɗuriyarsa. Pak Harjito, mai neman kujerar magajin gari, ya zo da wani abu dabam, ɗan littafi mai shafi talatin. Injiniya ne, kuma a ciki ya zana komai: injinan zuƙe ruwa goma sha biyu, katanga a bakin teku, motocin kwasar shara, da yadda za a rage cunkoson hanyar tashar jiragen ruwa. Abin da ya kama zuciyar Lasmini yana shafi na tara. Cikin kwana ɗari da rantsar da shi, za a ɗaga kowane lungu na arewacin birni da santimita tamanin.

Tana da dalilinta. Bara mijin ƙawarta Suwarti ya taka ruwan nan da ɗan yanka a ƙafa, ciwon fitsarin ɓera ya kama shi, kwana shida aka kai shi makwancinsa. Lasmini ce ta riƙe Suwarti a bakin asibiti. Don haka da aka ce ana son wanda zai bi gida-gida ya tara sa hannu a takardar alkawari, wadda ɗan takara zai zo ranar Asabar ya sa mata hannu a kan kan sarki, ita ta fara miƙewa. Mako uku tana yawo da takardar cikin leda. Kowane gida ya sa hannu, saura gida ɗaya, kuma shi ne gidan da take kwana.

Ranar Alhamis da hantsi ta sunkuya ta shiga ta tarar da mahaifinta, Mbah Karsiman, a kan gadonsa yana shan shayi. Tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, duniyarsa ta tsaya tsakanin gadon nan da ƙofa.

"Bapak, kai kaɗai ka rage," in ji ta. "Dangwala kawai za ka yi. Mai unguwa har ya fara yi mini dariya, wai na shawo kan gida ɗari biyu na kasa shawo kan tsoho ɗaya."

"Mai unguwa ya ji da tumbinsa," in ji tsohon. "Nduk, nawa kika ce za a ɗaga?"

Har yanzu da sunan ƙuruciya yake kiranta, ita da ke da furfura.

"Tamanin."

"Ɗauko tef ɗin awon uwarki a cikin gwangwani."

Ta ɗauko tana ƙunƙuni, don kifi na jiranta. Ya sa ta durƙusa a bakin ƙofa, ta auna daga dokin ƙofa zuwa katakon sama. Ƙofar katakon jati ce mai ƙwari, kakanta ya sassaƙa ta lokacin da mutum kan shiga da kaya a ka ba tare da ya rusuna ba. Ciko huɗu ya cinye ta daga ƙasa, kowane karo sai a kira kafinta ya yanke gindin ƙyauren.

"Ɗari da goma," in ji ta.

"Cire tamanin."

Ta zuba wa tef ɗin ido, babban yatsanta a kan talatin, tazarar da kyanwa ma sai ta kwantar da kunne kafin ta wuce.

"To, ta ina za ku fitar da ni?" in ji shi. Bai ɗaga murya ba, ya kurɓi shayinsa.

Mako uku tana auna tabon ruwa a bangon mutane, tana nuna musu inda sabon lungu zai kai, ba ta taɓa auna ƙofar da take sunkuyawa a cikinta safe da yamma ba. Mutum ba ya ganin abin da ya saba da shi. Kuma ta san abin da ke ran tsohon. A wurinmu mamaci ta ƙofarsa yake fita, a kafaɗun maza. A tsaya da makara a ƙofar gida, a ɗaga ta sama, 'ya'ya da jikoki su ratsa ta ƙarƙashinta sau uku, sannan a wuce. Haka Mbah Karsiman ya ratsa ƙarƙashin mahaifinsa a bakin ƙofar nan. Haka Lasmini ta ratsa ƙarƙashin mahaifiyarta, ko da yake tun a lokacin sai da masu ɗauka suka fito a durƙushe. Kuma a idon tsohon aka yi jana'izar wani abokinsa a lungun bayan masallaci, inda aka riga aka ɗaga hanya: aka ɓalle kwanon rufi, aka zaro shi ta sama da igiya, yara na kallo daga kan katanga. Ranar Mbah Karsiman bai ci abinci ba.

"Sai mu ɗaga rufin," in ji ta, ko da yake ta san amsar.

"Magini ya gaya miki tun bara. Gishiri ya cinye bangon nan, ranar da aka taɓa rufi ranar zai zauna. Sai dai a rushe a sake sabo, ke kuma kifi kike sayarwa, ba zinariya ba."

Ta naɗe tef ɗin ta fita. Ranar ta ƙona kifi kwando guda.

Asabar da safe, ruwan jiya bai gama janyewa daga lungu ba, aka kafa rumfa a gaban masallaci. Pak Harjito ya iso da takalmin roba har gwiwa, ba kiɗa ba raba riguna, kuma gaskiya ya iya magana. Bai ce zai kori teku ba. Ya ce ƙasar birnin tana nutsewa ne saboda rijiyoyin burtsatse na masana'antu, zai hana haƙa sababbi, amma kafin wannan ya yi amfani shekaru za su wuce, yara kuma gobe za su tafi makaranta. Shi ya sa zai fara da lunguna. Mata suka yi ta gyaɗa kai. Suwarti na zaune a layin gaba da 'ya'yanta biyu, tana share ido da gefen ɗankwali.

Mai unguwa ya kira Bu Lasmini ta kawo takarda. Ta fito da ita cikin leda, ta tsaya, aka miƙa mata abin magana don ta karanta. Ta ji tsoro, kuma ta ji kunya, don ita ce ta jawo mutanen nan duka.

"Pak," in ji ta, "akwai gidan da ƙofarsa ɗari da goma ce. In an ɗaga tamanin, yaya mai gidan zai yi?"

Surutu ya ɓarke a wurin.

"Ikon Allah," in ji wata daga baya. "Wadda ta hana mu sakat da takarda ita ce yau take tambaya."

"Gidan ubanta ne. Mu mu ci gaba da iyo kenan don ƙofar Mbah Karsiman?"

"Hayaƙi ya taɓa mata kai."

Suwarti ta ɗago ta dubi Lasmini kawai, kuma da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

Pak Harjito ya ɗaga hannu aka yi shiru. "A kai ni in gani," in ji shi.

Jama'a suka bi shi ɗuu har ƙarshen lungu. Ya sunkuya, amma bai sunkuya irin ta 'yan unguwa ba, goshinsa ya daki katakon jati har hularsa ta faɗi cikin ruwa. Wasu suka ƙunshe dariya. Ya shiga yana murza goshi, ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya kama hannun tsohon ya kai goshinsa kamar yadda ɗa na gari yake yi.

"Ƙofata ta gaishe ka," in ji Mbah Karsiman.

"Ta gaishe ni da kyau, Mbah." Ya zaro littafinsa daga aljihu ya buɗe. "Ban manta da irinku ba. Ga shi shafi na sha huɗu. Duk gidan da ba zai ɗagu ba, za a ba mai shi ɗaki a benen gwamnati, busasshe, da famfo da wuta. Tsofaffi a hawa na farko in akwai wuri."

"In babu wuri fa?"

"Zan yi ƙoƙari a samu."

"Can ana tsayawa da makara a ƙofar ɗaki?"

Pak Harjito ya dubi ƙofar. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, shi ma ya taɓa ratsawa ƙarƙashin wani, don haka ya gane tambayar sarai. Ya rufe littafin.

"Matakalar ba ta da faɗi, Mbah. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Ba za a tsallake bakin ƙofar nan ba?" in ji Lasmini. "Taku biyar ne kacal."

"In na bar rami a nan, ruwan lungu duka nan zai taru, Bu. Cikin ɗakin nan zai kwana." Ya faɗa a hankali, kuma ta san gaskiya ne. Abin da ya fi ci mata rai kenan, da maƙaryaci ne da ta san yadda za ta yi da shi.

Tsohon ya leƙa waje ta ƙofar. Daga inda yake ba ya ganin fuskar kowa, sai ƙafafu tsaye cikin ruwa, na manya da na yara, wasu duk sun yi fari-fari da cin ruwa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Yaushe ne zaɓen?" in ji shi.

"Watan gobe."

"Rantsarwa fa?"

"Fabrairu, in Allah ya yarda."

"Sai kwana ɗari." Ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. "Wata bakwai kenan. Lungunmu ne farko ko ƙarshe?"

"Yadda kuke so, Mbah. Zan iya sa shi ƙarshe."

"A'a, kada yaran nan su jira saboda ni. Wata bakwai ya isa. Nduk, kawo takardar."

Lasmini ta tsaya riƙe da ledar a ƙirjinta. "Ya isa me, Bapak?"

"Kawo mana, baƙo na jira."

Ta miƙa masa. Mai unguwa ya turo tawada daga waje, tsohon ya dangwala babban yatsansa a ƙasan sunayen, ya danna sosai. Pak Harjito ya sa nasa hannun a kan kan sarki, takardar bisa gwiwarsa. Da labari ya kai waje aka ɗauki tafi, har da guɗa.

"Ka cika alkawarinka a kan lokaci," in ji Mbah Karsiman. "Ni ma zan yi ƙoƙari in cika nawa."

Ɗan takarar ya mayar da littafinsa aljihu. Ya fita a sunkuye, wannan karon har ƙasa, aka miƙo masa jiƙaƙƙiyar hularsa, jama'a suka raka shi mota.

Suwarti ta tsaya a bakin ƙofa, ta durƙusa ta leƙo. "Mun gode, Mbah," in ji ta. "Allah ya ƙara nisan kwana."

Lasmini ta kasa cewa amin. Mako uku tana roƙon Allah ya ba Pak Harjito nasara, shekara da shekaru kuma tana roƙon ya bar mata mahaifinta, yau ta ga ba ta san yadda za ta haɗa addu'o'in biyu a sallah ɗaya ba. Tsohon kuwa yana goge tawadar yatsansa a jikin zanensa.

Da azahar ta kawo masa shinkafa da kan kifin banda a miyar kwakwa mai yaji, abin da ya fi so, wanda kullum sai ya siɗe kwano ya nemi ƙari. Ya ci loma uku ya ture kwanon gefe.

"Ci mana, Bapak."

"Na ƙoshi, Nduk. Daga yau ki rage mini, kina cika mini kwano da yawa."

Ta zauna a bakin gadon da kwanon a cinyarta. A waje ruwa ya fara taɓa dokin ƙofa, motar kamfen tana ratsa babban titi da lasifika tana faɗin kwana ɗari. Ta ɗebo loma a cokali ta kai bakinsa, ya juya fuskarsa wajen ƙofa.