Bangon Ɗakin Inna Saratu

Da Hamidu ya gama ginin siminti a Filinge, matarsa Latifa ce ta zaɓi fenti. Fari take so ko'ina, irin na gidajen da ta gani a Yamai. Aka shafe salo da ɗakuna da ƙofofi, gida ya yi fes.

Bayan an tare, Hamidu ya je ƙauyensu kusa da Bonkuku ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Saratu, wadda idanunta suka yi rauni. A ƙauye, duk da raunin idon, ita ke sharar tsakar gida, ita ke kai wa awaki dusa. A sabon gida kuwa sai ta lafe kan tabarma. In za ta kewaya sai an kama hannunta. Ranar da ta gwada fita ita kaɗai, ta buga goshi a gefen ƙofa, ba ta sake gwadawa ba.

Hamidu ya ce tsufa ne. Latifa ba ta yarda ba, don ta lura in ta shigo da jan zane Inna na bin ta da kallo, in ta sa fari kuwa sai ta yi magana tsohuwar ke sanin ta shigo.

Wata hantsi ta durƙusa gabanta. "Inna, mi kike gani a ɗakin nan?"

Tsohuwa ta juyo wajen muryarta. "Ɗiyata, gidanku ya yi kyau, Allah shi sa albarka. Amma ni kamar cikin ƙwaryar nono nike zaune. Ban san inda bango ya ƙare ƙofa ta soma ba."

Latifa ta ji nauyin maganar, don farin nan zaɓinta ne. Ranar kasuwa ta sa Hamidu ya karɓo ragowar fenti kala-kala wurin mai shago. Ta shafa kowane a kan guntun kwali, ta jingina su da bango.

"Inna, wanne kike gani?"

Ruwan hoda da ruwan toka duk ba ta gan su ba. Ta nuna shuɗi mai duhu, ta nuna ruwan ɗorawa. Da ta zo kan ruwan ƙasa mai ja-ja sai ta yi murmushi, ta ce irin bangon ɗakinta ne na ƙauye.

Haka aka yi. Ɗakinta ya zama ruwan ƙasa, ƙofofi duka shuɗi, salo ruwan ɗorawa. Hamidu ya yi ta ƙunƙuni wai gida ya koma kamar lakol, makarantar yara, amma shi ya riƙe wa mai fenti tsani. Latifa ta bar farinta a ɗakinsu kawai.

Da fenti ya bushe, Inna ta tashi da kanta, ta nufi shuɗin ƙofa, ta bi salo har tsakar gida. Can ta tsaya tana shaƙar iska, ta taka ƙasa da tafin ƙafa.

"Wannan fili na bayan madafa, wa ke da shi?"

"Namu ne, Inna," in ji Hamidu.

"To a samo mini irin kuɓewa kafin ruwa ya sauka."