Maganin da Don Evelio Ya Ƙi Sha

Sau uku Don Evelio yana saukowa daga gonarsa ta kofi don a leƙa hanjinsa da kyamara, sau uku Likita Arbeláez yana zare bututun kyamarar rai a ɓace. Hanjin bai wanku ba, ba a ganin komai. Ga tsoho yana zubar da jini, kullum sai ramewa yake.

Ni ce nas mai rubuta sakamakon binciken da muke yi kan wankin hanji. 'Yan cikin gari suna zuwa tas, mutanen kan dutse kuwa sai a hankali. Likita ya ce taurin kai ne kawai, a cire su daga binciken. Abin ya ƙona min rai, don a can aka haifi uwata.

Na tare tsohon a bakin ƙofa. "Baba, tsakaninka da Allah, kana shan maganin wankin hanjin nan?"

"'Yar nan, kin taɓa hawa motar ƙauyenmu?" in ji shi. "Awa shida ana jijjiga, matar maƙwabcina a gefena, direba ba ya tsayawa ko uwarsa ce ta ɗaga hannu. Sai in ɗura lita huɗu ta maganin zawo in hau? Haba!"

Na yi dariya har da hawaye, sannan na wuce ofishin likita ban ko ƙwanƙwasa ba. Na zayyana masa abin da tsohon ya ce. Ya ji kunya, amma ya saurara. Muka roƙi limamin coci ɗakin taro mai ban-ɗaki uku, muka buɗe sabon rukuni a binciken: mutanen kan dutse su iso tun ana gobe su kwana a ɗakin, su sha rabin maganin da yamma, rabi da safe.

Cikin wata huɗu, arba'in da bakwai cikin hamsin suka zo da hanji fes. Har asibitocin maƙwabta suka fara bugo waya suna tambayar yadda muka yi.

Zuwan Don Evelio na huɗu, allon kyamarar ya nuna komai sarai. Can a wani lungu sai ga tsiro. Likita ya zarga masa waya ya tsinke shi, ni kuwa na kasa riƙe ihu.

Da tsohon ya farfaɗo, ya ƙura wa kwalbar da aka saka tsiron ido. "Wannan ɗan abin ne zai kashe ni?"

"Da ya ƙara shekara biyu, ƙwarai kuwa, Baba," na ce. "Amma mun riga shi."