Kwana Dubu na Goggo Tina

Na'urori goma sha ɗaya ne a hannun Lesya Demchuk, amma rabon da ta taɓa ɗaya daga cikinsu da hannunta tun bara. Daga teburin kicin ɗinta a Winnipeg take kiwonsu, silifas a ƙafa, gahawa a gefe. Ta buɗe burauza, ta sa kalmar sirri, sai shafin kowace na'ura ya fito ya baje mata kayan cikinta: ga zafin jikinta, ga wurin ajiyar da ya rage, ga jerin masu shiga da fita. Manyan kwamfutoci ne da ƴan sana'ar ke kira saba, su ke riƙe da sunayen littattafai da na masu aro a ƙananan laburaren garuruwan kudancin Manitoba.

Ƴar lelenta a cikinsu ita ce Goggo Tina, wadda ke zaune a wani ɗan ɗaki bayan laburaren Altheim, tafiyar awa uku a mota. Ba Lesya ta raɗa mata sunan ba. Vern Hiebert ne, tsohon da ya koya mata aiki, wanda ya bi na'urorin duka ya sa musu sunayen goggonninsa, kowace da halinta. Tina ya ce ita ce mai haƙuri, ba ta ciwo, ba ta ƙorafi.

A saman shafin Goggo Tina akwai wata ƴar lamba mai ƙirga kwanakin da na'ura ta yi ba a kashe ta ba ko sau ɗaya. Duk ɗan sana'ar zai gaya maka wannan lamba ba abin taƙama ba ce, sannan in ka juya baya ya leƙa tasa. Ran Talatar nan lambar Tina ɗari tara da casa'in da tara ce. Gobe Laraba da ƙarfe uku na yamma za ta cika dubu.

Ba don kowa Lesya ke son dubun nan ba sai don Vern. Shi mutum ne na baƙin allon kwamfuta da farin rubutu, komai sai ya buga da yatsunsa, kuma da ta kawo tsarin kula da na'urori ta burauza sai ya riƙa kiranta sarauniyar danne-danne. Ranar walimar ritayarsa a laburaren Altheim, a gaban kowa, ya ce Tina ba za ta yi wata shida a hannun mai danne-danne ba. Da wasa ya faɗa, an yi dariya, ita ma ta yi. Amma maganar ta zauna mata a rai, ta kuma yi mata ciwo, don babu wanda take son ya yaba mata kamar tsohon nan. Tun daga ranar sai katin Kirsimeti kawai ke shiga tsakaninsu.

Shi ya sa ta yi wa Tina hidimar da ko uwarta ba ta samu ba. An ɗauke wuta sau huɗu, batir ya riƙe. Ta sa an sauya batir ɗin alhali na'urar tana kunne, tana kan waya tana ba da umarni kamar likitan tiyata. Yanzu har ta yi odar kek mai ɗauke da lambar dubu. Shirinta shi ne ta ɗauki hoton shafin gobe, ta buga a takarda, ta aika wa Vern ta gidan waya ba tare da ta rubuta ko kalma ɗaya ba.

Wajen ƙarfe goma na safe Rodel Manalo, abokin aikinta da ke ofis, ya kira.

"Ranki ya daɗe, kashe mini Goggo Marta. Fankarta na kuka kamar za ta tashi sama, zan sa mata sabuwa."

Marta na'urar gwaji ce, a ofis take, ko an kashe ta sau goma a rana babu wanda zai sani. Lesya ta maƙale waya a kafaɗa, ta jawo shafi, ta danna maɓallin kashewa. Ɗan akwatin nan ya fito yana tambaya ko ta tabbata. Tun da aka ƙirƙiro wannan akwati babu mahaluƙin da ya taɓa tsayawa ya karanta shi. Ta danna e, ta kurɓi gahawa.

"Na kashe. Yi aikinka."

"Wa kika kashe?" in ji Rodel. "Ga Marta nan a gabana tana ta gurnaninta."

Shafuka biyu ne a buɗe a burauzar, launinsu ɗaya, maɓallansu ɗaya, sai ɗan suna a can ƙurya. Ɗayan na Tina ne, ta buɗe shi tun da safe don ta riƙa leƙen lambarta. Shi ne yanzu ya yi fari fat, da ɗan rubutu a tsakiya cewa an rasa na'urar.

Lesya ta ajiye kofin a hankali. Rodel ya gane, ya ce, "Sannu. Ba zan yi maganar donat ba yau." A ofishinsu duk wanda ya kashe na'urar da mutane ke amfani da ita shi ke sayen donat na kowa, kuma shekara uku ke nan Lesya na ci ba ta taɓa saye ba.

Daga burauza kana iya yi wa na'ura komai. Ka gyara ta, ka share ta, ka sa ta kwanta ta tashi da kanta. Abu ɗaya ne ba ka iyawa da tsohuwa irin Tina: in ka kashe ta ɗungurungum, sai an sami mai yatsa ya je ya danna.

Ba a yi minti biyu ba Doreen, mai kula da laburaren Altheim, ta kira.

"Ƴar nan, me kuka yi wa kwamfutarmu? Ga matar Klassen a tsaye da littattafai tara, ta ce ba za ta motsa ba."

"Ni ce, Anti Doreen. Don Allah ki shiga ɗakin baya, akwai wani baƙin akwati, ki danna maɓallin da ke gabansa."

"Wane ɗakin baya? Ai makullinsa na wurin Vern. Shekara uku ina bin sa, kullum sai ya ce yana cikin ɗaya wandon. Kira shi mana, gidansa ga shi nan bayan coci."

Lesya ta tsaya ta yi lissafi. Tana da nata makullin, awa uku a mota kuma ba abin tsoro ba ne, in dai za ta tsira daga muryar tsohon. Amma garuruwa biyar ne ke aro ta hannun Tina, ga kuma matar Klassen a tsaye. Ta nemo lambar wayarsa, ta kira, tana fatan kada ya ɗauka.

Bugu biyu ya ɗauka, yana haki. A lambu yake, yana tonon sauran karas kafin sanyi ya kama ƙasa.

"Baba Vern, ni ce Lesya. Na kashe Goggo Tina."

"Da gangan?"

"Marta na nufa."

"Uhm." Ta ji ya ajiye wani abu mai ƙarar ƙarfe. "Kin faɗi sunanta da baki kafin ki danna?"

Wannan ita ce dokarsa ta farko, tun ranar da ta fara aiki: kafin ka taɓa wani maɓalli mai nauyi, ka ɗora yatsa a kan sunan na'urar, ka faɗe shi da ƙarfi yadda kunnenka zai ji. Tana yi a gabansa, tana murguɗa baki a bayansa. Da ya tafi ta daina, don a ganinta mace mai shekara arba'in ba ta zauna ita kaɗai a kicin tana kiran sunayen goggonnin wani ba.

"Ban faɗa ba," ta ce.

"To. Kada ki kashe wayar, bari in ɗauko keke."

Ta ji komai. Ƙarar sarƙar keke, gaisuwarsa da wani mai kare, Doreen na yi masa tsiyar cewa yau dai an sa wandon da ya dace. Ta ji makulli ya juya, ƙofa ta yi ƙara. Tana jiran maganar wata shidan nan ta dawo, har ta shirya amsa, amma bai kawo ta ba.

"Kai, ɗakin tsaf," ya ce. "Wa ya sa wa wayoyin nan takardun suna?"

"Ni ce, bara."

"Kuma kika sauya batir ba ki kashe ta ba. Ni ban taɓa iya wannan ba." Ya yi gyaran murya. "Kin san ranar da lissafin nan ya fara?"

"Ranar walimarka. Na ɗauka kashe ta ka yi ka kunna, don ka miƙa mini ita sabuwa."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Haka na bari kuka ɗauka. Yarinya, ruwan shayi aka ce in dafa, soket ɗin falo ya cika. Na shigo nan da butar lantarki, na zare waya ɗaya ina cewa ta fanka ce. Shekara talatin da ɗaya ina aikin nan, ranar ƙarshe na kashe Tina saboda shayi. Na mayar da sauri, na fito ina zare wa mutane ido, na huce a kanki."

Lesya ta so ta yi fushi, dariya ta riga shi fitowa. Ta yi ta yi har ta kifa kai a kan tebur, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na wanne ba ne.

"To, ga yatsana a kan maɓalli," in ji Vern. "Wa zan kunna?"

"Baba Vern, ka san ko wace ce."

"Ban ji ba."

Ta share ido, ta ɗora yatsa a kan farin shafin, ta ce da ƙarfi a cikin kicin ɗin da babu kowa, "Goggo Tina."

Ta waya ta ji fanka ta tashi. Bayan minti huɗu shafin ya dawo, komai na nan lafiya lau, daga nesa kuma ana jin Doreen na cewa matar Klassen ta miƙo littattafanta. A saman shafi lambar ta koma sifili. Lesya ta dube ta, abin ya sosa mata rai, amma bai kai yadda ta zata ba.

"Na yi odar kek," ta ce. "Da lambar dubu a kai."

"Kawo shi gobe. Mu cinye sifili ukun, mu bar lamba ɗaya ɗin, ai ta yi daidai da kwananta. Ɗari tara da casa'in da tara ba wasa ba ne. Na so in ga dubun nan, har na sa alama a kalanda."

Sai da suka yi sallama abin ya faɗo mata. Ba ta gaya masa lambar ba. Doreen ba ta san da ita ba, Rodel kuwa bai taɓa magana da shi ba. Ta tuna lokacin da ta kafa tsarin ta buɗe masa hanyar shiga ta kallo kawai, ya ce ko a mafarki ba zai taɓa ba, ita kuma ba ta rufe ba, ba ta kuma sake bi ta kai ba.

Ta buɗe jerin masu kallo. Sunansa ne a sama: yau, bakwai da minti goma na safe. Jiya, bakwai da minti goma. Shekaranjiya ma haka. Ta yi ta jan shafin ƙasa, wata bayan wata, har da ranakun Kirsimeti, sunan bai tsallake ko rana ɗaya ba.

Washegari ta sa kek a kujerar baya, ta ɗaura masa bel, ta dawo kicin da makullin mota a hannu. Ba ta da aikin da za ta yi a shafin, ta dai buɗe shi ta zauna. Sunanta kaɗai ne a jerin waɗanda ke ciki. Da agogo ya nuna bakwai da minti goma, sai suka zama biyu.