Motar Jimrau ta tarkon ɓera

Mijina Jimrau mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Dakoro, kuma hannunsa ba ya zama shiru. In ya ga ƙarfe a yashe sai ya ɗauka, kamar kaza ta ga tsaba. Na sha yi masa faɗa, bai ji ba.

Shekara biyar da samun mulkin kai, ya ɗauke tarkon ɓeran da na ɗana bayan buhun gyaɗa, ya kafa shi a kan guntun katako. Ya yi masa ƙafafu huɗu da marfin gwangwanin madara, ya ɗaura zare daga ƙarfen tarkon zuwa wayar da ta riƙe ƙafafun baya. In ya naɗe zaren ya saki, ƙarfen ya ja, abin ya ruga shi kaɗai har taku goma. Ya yi wani kuma mai cokali a baki, mai harba ƙwallon aduwa.

Ranar kasuwa ya nuna su, har manyan 'yan hatsi suka bar awo suna kallo. Lokacin kuwa ana farautar 'yan adawa, kowa yana neman wanda zai nuna don a ce shi na gwamnati ne. Wani Cindo, wanda ko damin gero bai iya ɗaurewa ba, ya je biro, wato ofishin kumandan, ya ce Jimrau yana ƙera abin harba wuta.

Aka kama Jimrau, kwana uku yana tsare. Na huɗu aka kira ni in kawo kayan. Na naɗe su a zane na tafi, na san in motar nan ta ƙi tafiya, mijina ya tafi ke nan.

Kumandan yana zaune, gardi biyu masu tsaronsa a tsaye. Aka shigo da Jimrau, leɓensa a kumbure.

“Malam, ga su,” na ce masa.

Ya durƙusa ya naɗe zaren a hankali. Ya saki. Motar ta bi siminti tana ƙara, ta je ta daki takalmin kumandan. Gardi suka tuntsure da dariya. Kumandan ya sa aka sake, aka sake, har sau biyar. Da aka gwada mai cokalin kuwa, ƙwallon aduwa ko taga bai kai ba.

“Wanga ai abin wasa ne,” in ji kumandan, yana share hawayen dariya.

Na fara yi masa godiya, ina jera addu'o'in da ban taɓa yi wa ubana ba.

“Dakata, baiwar Allah,” ya ce. “Takarda ta riga ta tahi Maradi tun shekaranjiya. Na rubuta na kama mutum da makami. Yanzu mi kike so in ce musu? Na yi ƙarya?”

Jimrau ya dube ni, ya dubi motar.

Da la'asar aka sa shi a bayan kamiyo, aka nufi Maradi da shi. Na tsaya a ƙofar biro har ƙura ta kwanta, ina jin motar tana bin siminti a ciki, suna ta dariya. Wata goma sha takwas ya yi a kurkuku. Ya dawo hannun damansa ba ya naɗewa, ko cokali sai na riƙe masa.